Makullin Ɗakin Sanyi

Lauya ya nuna mini inda zan sa hannu, wuri bakwai.
Biro ya fi wuƙa wuyar riƙo
ga yatsun da sanyi ya tanƙware.
Na rubuta Leland Vondra sau bakwai,
na ƙarshen kamar sunan wani ne.

Shekara arba'in da ɗaya ina buɗe ƙofar nan
tun gari bai waye ba,
a ƙauyenmu na Nebraska mai mutum ɗari huɗu,
in an haɗa da na kwance a bayan coci.
Ubana ya bar mini ƙugiya sittin, zarto guda,
da magana ɗaya:
sa ya gama nasa,
saura kai ka faɗi gaskiyar nauyinsa.

Takarda ta lissafa abin da na sayar.
Injin niƙa, sikeli, ɗakin kyafa nama,
da motar da ba ta tashi sai an lallashe ta.
Ba ta san da kwarmin da ƙafata ta ci a siminti
gaban teburin yanka ba.
Ba ta san Nuwamba ba,
sa'ad da mafarauta ke jeri cikin dusar ƙanƙara,
kowa da barewarsa a bayan mota,
kowa da ƙaryarsa kan nisan harbin.
Ba ta ga rubutun Marlys a jikin bango ba,
farashin shekarar da ta rasu.
Na yi fenti sau uku, ina kewaye wurin.

An ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.
Nawa bai yi rarrafe ba,
da gudunsa ya tafi Omaha,
yana gyara wa mutane haƙora.
Ban riƙe shi a zuci ba. To, kaɗan.

Yesenia Quiroz ce ta saya.
Daga babbar masana'anta ta zo mini,
inda ta shekara shida tana yankan gaɓa ɗaya,
kafaɗa, kafaɗa, kafaɗa,
ba ta taɓa ganin saniya sukutum ba.
Yau in ta ɗauki wuƙa, ni kan ja da baya in kalla.
Za ta sauke allon sunanmu, na sani.
Za ta zuba barkono a haɗin tsohuwata
mai tafarnuwa da gishiri kawai.
Na ɗanɗana a ɓoye. Ya fi daɗi.
Wannan ba zan faɗa mata ba.

Na miƙa mata littafin bashi,
na ce, shafi na sha tara, Alvina Pokorny,
kada ki taɓa tambayarta.
Ta yi dariya ta ce,
wa kake tsammani ke ƙara mata ƙashin miya
duk shekarun nan?

Wuƙa ɗaya na ɗauka,
wadda wasawa ta cinye har ta koma kamar tsinke.
Na tsaya a ɗakin sanyi ba riga mai kauri,
ƙugiyoyi na ɗan lilo babu kowa a kansu.
Na so in ce wani abu,
numfashina ya fito fari, ya tsaya, ya watse.
Na kashe fitila. Na kunna. Ba tawa ba ce.

Daren nan shiru ya hana ni barci,
kunnena na neman gurnanin injin sanyi.
Ƙarfe biyar waya ta yi ƙara.
Ƙofar ta ƙi buɗewa, in ji ta.
Na ce, ɗaga mariƙin, ki doke ta da gwiwa ta hagu.
Na ji ƙarar buɗewarta ta cikin waya.
Ta ce, shi ke nan, koma ka kwanta.

Ina zaune bakin gado,
takalmi ɗaya riga a ƙafata.