Farin Ƙashi

Shekara talatin da ɗaya ina feɗe shoko
a kasuwar kifin Setúbal, teburi na uku daga ƙofar kogi.
Kifi ne mai tawada a ciki,
da ƙashi guda ɗaya tal a gadon baya,
fari fat, kamar kwalekwalen da aka sassaƙa da alli.
Nama ya hau sikeli, tawada ta shige farcena,
ƙashin kuwa sai bokitin shara.
Ban taɓa tambayar abin da ya zo yi duniya ba.

Wata Talata Telmo ya zo, jikan Graciete mai ɗinki,
rungume da robar askirim, ya huda murfin da ƙusa.
Kififiya ce a ciki, ba ta cika tafin hannu ba,
da jan zane a bayan kowane ido.
Ya ce sunanta Bolacha.
Ya ce, "Dona Zulmira, taɓa ki ji."

Na ɗora babban yatsa a bayanta.
Ya lotsa,
kamar burodin da ya kwana a miya.
Na janye hannu da sauri.

Wata takwas yana ba ta busasshen jatan lande,
don shi take so, don tana rawar wuya in ta gan shi.
Gidan ruwanta na ƙarƙashin bene,
inda rana ba ta san hanya ba.
Likitan dabbobi ya rubuta masa kalma a takarda:
kalsiyam.
Yaron ya damƙe ta har ta jiƙe da gumi.
"Ya ce ƙashin da kike zubarwa, shi ne maganin."

Na durƙusa gaban bokitin sharata
kamar mai neman zobe a rijiya.
Na tsamo shida.
A gida na tafasa su, gishirin teku ya fita,
na ɓare tauraren bayan da wuƙa,
na shanya su a taga kusa da safar mijina.

Ranar farko ta kalli farin abin yana yawo a kan ruwa,
ta juya masa baya.
Rana ta huɗu Telmo ya rugo, jaka na dukan ƙugunsa:
"Ta gatsa! Na ji ƙarar, ƙurus!"

Na riƙa ware masa ƙananan kifi, a ba ta har da ƙaya,
Graciete ta tsinko ganye daga tukunyar baranda.
Kullum da hantsi a fito da ita bisa dutse,
ba ta bayan gilashi ba,
don gilashi ɓarawon rana ne, in ji likita,
kuma ƙashi ba ya kama jiki sai rana ta sa hannu.
Sai ta miƙe ƙafafun baya, ta lumshe ido,
kamar wadda ta biya duk bashin da ake bin ta.

Wanzami ba ya son jarfa.
A watan Nuwamba santsin ƙanƙarar kifi ya kwashe ni,
faɗuwar da ba ta kai a ba da labari ba,
wuyan hannuna ya ce ƙas.
Likita ta ɗaga hoton ƙashina ga fitila,
duk huji, kamar soson wanka.
Ta rubuta mini kalma a takarda.
Na yi dariya har ta ɗago kai ta dube ni.

Yanzu da hantsi muna barandar Graciete mu biyu,
ni da sardin ina taunawa har ƙashi,
ita da farin kwalekwalenta.
Gefen ɓawonta bai miƙe ba, ya ɗan naɗe sama
kamar bakin tsohuwar malafa, haka zai zauna.
Jiya Telmo ya ce in sake taɓawa.
Na ƙwanƙwasa da farcen hannun da ya warke.
Ta amsa kamar ƙofa,
sannan ta kai wa yatsana cizo.