Takin Sarƙa

Sarƙar zartona ta tsinke ran Laraba
a cikin kututturen bagaruwa, bakin kogi,
ƙasa da Mai Wurno, inda ambaliya ta kwantar da itatuwa
kamar leburorin da barci ya sace.
Sau uku na ɗaure ta a bana. Na huɗu ta ƙi.

Na kai ta Sinnar cikin leda.
Shago bakwai, kowa ya ɗaga ya girgiza kai:
mai faɗin takin nan ta daina zuwa,
ga uku-bisa-takwas, ita ke kasuwa.
Na saya. Sarƙa ai sarƙa ce, in ji ni.

A gida na ɗora ta kan tsohon takobi,
na ja igiya, inji ya amsa,
sai ta shiga ƙwanƙwasa kamar mai bin bashi a ƙofa,
ta hau, ta sauka, ta yi tsalle ta bar hanya,
ta tsaga mini ƙafar wando.
Tsakaninta da ƙwaurina bai kai faɗin tsinke ba.

Usta Mu'awiya bai yi dariya ba,
gara ma da ya yi.
Ya ajiye kofin shayi kan tsohon batir,
ya ƙirga ƙusoshi uku da baƙin farcensa:
"Daga nan zuwa nan, raba biyu, takinta ke nan.
Kai kuma ka ɗaure raƙumi da jaki a garma ɗaya.
Su uku ne ke tafiyar:
sarƙa, da zoben da ke jan ta,
da ɗan tauraron da ke hancin takobi.
In ɗaya ya rage ƙafa, sauran su rage."

Ya cire fulogi, ya cusa igiya a ramin
don fistan ya tsaya cak.
Ya ce in kwance kuloci. Na murɗa hagu, na ƙara ɗaurewa.
"Wannan bahago ne, dama yake kwancewa."
Tsohon zobe ya fito, haƙoransa sun ci rami
kamar dutsen bakin rijiya da igiya ta saba da shi.
Babana ne ya saka shi, shekarar da aka haifi Talle.
Ban faɗa ba. Na dai jefa shi aljihu.

Giris a boris, sabon zobe mai ido bakwai,
sabon takobi, wanda ya cinye kuɗin buhun gawayi huɗu
da ban riga na ƙona ba.
Muka ƙirga ƙafafun sarƙa, ni da shi:
na samu saba'in da ɗaya, ya samu saba'in da biyu,
muka sake. Shi ne da gaskiya.
Ya ɗaga hancin takobi, ya ja ta, ya saki,
ta koma kwarinta da 'yar ƙara, tas.

Ya tayar. Babu ƙwanƙwasa.
Mai ya fesa layi siriri a kan kwali.
Muryar ma ta sauya, ta yi sama kaɗan,
kamar yaron da ya dawo daga Madani da wani harshe a baki.

Har na kai ƙofa ya kira ni:
"Magagarinka fa? Ya yi wa haƙoran nan kauri.
Sayi ƙarami." Na juye aljihu, zobe ne kawai ya faɗo.
Ya dube shi, ya dube ni, ya miƙo mini nasa.

Da asuba na koma wa bagaruwar.
Ta buɗe, jan garinta na zuba kan takalmina.
Zarton ya saba tun yankan farko.
Ni ne har yanzu, in na zauna wasa haƙori,
hannuna ke wuce wuri,
yana neman tsohon taki.