Wanka a Lagdo

Hayatu ya turo murya daga tsibirin da ya faɗa,
can tsakiyar Bahar Rum, sunan ya ƙi zama a bakina.
Wai ya samu aikin tuƙi:
da safe ya kwashi baƙi a otal,
ya hau da su dutse, ya gangara ta cikin itatuwan zaitun
har wata gaɓar teku
inda mai so ya tuɓe tik, mai so ya bar wandonsa,
ba mai ce wa wani kanzil.
"Ni a mota nake zama, Baba,
in juya wa ruwan ƙeya, in ci burodina."

Na yi salati. Na sake kunnawa.
Dariya ta kama ni har na ƙware da shayi,
sai kuma ta tsaya cak,
don na tuna yadda ruwan nan ya tofo shi bara waccan:
ba riga, ba takalmi,
aka naɗe shi cikin takarda mai ƙyalli
kamar tsiren da za a kai wa wani gida.
Abin da ya same shi dole,
shi wasu ke biyan kuɗin mota su je nema.

Ran Asabar na tada tsohuwar fijo.
Na biya Rumde Ajiya na ɗauki Sali
da goronsa da gwiwarsa mai ciwo.
Muka haye gadar Binuwai, Garwa ta ƙanƙance a madubi.
Motocin auduga na zubar da furfura a gefen titi.
Jandarma ya juya takarduna sama da ƙasa,
ya ce ina zuwa?
Na ce wanka.
Ya dube ni, ya dubi Sali,
ya miƙo mini abina ko dala bai karɓa ba.

Kafin Ngong muka karya hagu.
Rami, rami, salansa na jan ƙasa,
Sali na lissafa waɗanda muka yi iyo da su:
Buba Gajere, ƙasa ta rufe.
Ɗanjuma na Pitowa, ƙasa.
Yaya mai nutso da ido buɗe
yana nan, sai dai ya manta sunan 'ya'yansa.

Wani yaro ya tsallakar da mu a kwalekwale
zuwa tudun yashi bayan duwatsu,
ba kowa sai balbela da kunnen dorina can nesa.
Muna yara babu wannan tafki, kogi ne kawai,
kuma wa ya mallaki bante balle ya ji kunyar cire shi?

Na cire hula.
Na cire babbar riga, da 'yar ciki, da agogo,
makullin mota, katin ɗan ƙasa,
har da "Alhaji" da ake kira na,
na ɗora dutse a kai kada iska ta ɗauka.
Wandon dai na bar shi.
Sali ya ce, "Matsoraci,"
shi ma mazaginsa na ɗaure tam.

Ruwan bai tambayi shekaruna ba.
Ya bi haƙarƙari ɗaya bayan ɗaya,
ya gano tabon ƙugiya a cinyata
wanda ni kaina na manta da shi.
Ga mu, fata kamar tsohuwar salka,
muna watsa wa juna ruwa
kamar ba mu da jikoki.

Bayan la'asar, a jiƙe, kan kujerar mota mai zafi,
na danna waya na ce:
Hayatu, ban ce ka tuɓe ba, kada uwarka ta ji.
Amma gobe in ka sauke su,
juyo da motar.
Ruwan nan rigarka ya ci, bai ci ka ba.
Dube shi ido cikin ido.
Ko ƙafa ɗaya ce, tsoma.

Sai da muka hango fitilun gada
Sali ya tofar da goro ya ce,
"Ka baro Alhajinka a ƙarƙashin dutse."
Na ce bar shi ya sha iska,
ma dawo Asabar.