Baƙaƙen Ƙuli-ƙuli

A Bagalam, bayan rijiyar unguwa,
inda ƙamshin gyaɗa ke riga ladan tashi,
nake matsar tunkuza har mai ya cika kwalba.
Barira na gindin turmi,
ba ta cika huɗu ba,
hannu ɗaya a kwanona, ɗaya a bakinta.

Aji uku na yi a lekol, ciwon Inna ya maido ni gida.
Abin da na tsira da shi bai cika ludayi ba,
amma da hanau gara mannau.

Wata Talata na murza tunkuza a tafin hannu,
na haɗa kai da wutsiya, ta zama zobe.
Na ce, Barira, wannan sunansa O.
Ta zagaye leɓe ta ce O,
ta jefa shi baki ɗanye, bai ko ga kasko ba.

Washegari sanda guda, zobe biyu a jingine.
Ga B, shi ke jan ragamar sunanki.
Ba, ba, Barira.
Bokiti. Barkono. Buta.
Ta ce, har da bunsurun Tsahara?
Na ce har da shi, da warinsa duka.
Dariya ta kayar da ita kan tabarma.

S ya wahalar da ni, karyewa yake a mai,
sau shida na soya shi kafin ya fito da ƙugunsa.
Ƙ kuwa, mai ƙugiya a ka,
mushe bai taɓa rubuta mana shi a allo ba,
a littafin yaƙi da jahilci na maƙwabciya na tsinto shi,
na ce ai kuwa naka ne, ƙuli-ƙuli, zo ka ga kanka.

Ba kullum take so ba.
Akwai ranar da ta ture farantin,
ta ce ita langa za ta yi a waje.
Na bar ta. Na sayar da baƙaƙen dala-dala,
wani ɗan kabu-kabu ya cinye rabin sunanta.

Ran Juma'a, a hanyar Babbar Kasuwa,
tana goye, ina kukkutsawa tsakanin amalanke,
sai ta daki kafaɗata:
Inna, ga B ɗina can a bangon shago!
Wa ya ba su? Sun biya ki?
Mai shagon ya leƙo, bai san laifinsa ba.
Ni ko na tsaya tsakiyar hanya da tulun mai a ka,
ana ta yi mini oda ban ji ba.

Da dare wuta ta ɗauke.
Lawali ya dawo daga lodi a tasha,
shi da babban yatsa yake sa hannu a takarda.
Ta haska masa tocila,
ta ɗora masa sanda tsaye, sanda kwance.
Baba, wannan naka ne. Ka ce La.
Ya dube ni. Na kau da kai ina gyara murhu.
Can ƙasa-ƙasa na ji ya ce La.

Bai ci ba.
Ya daɗe yana juya shi a hannu,
har barci ya ɗauke malamar a cinyarsa.

Da safe ina wanki
na zazzage aljihun rigarsa,
sai ga garin ƙuli-ƙuli
naɗe a cikin tikitin mota.