Abin da Ke Bayan Kunnen Eilif

Shekara shida ni ce na'urar.
Kujerata a bakin ƙofarsa, bargo a gwiwa,
kunnena a kan numfashinsa
kamar mai jiran tafasar tukunya.
A Tromsø, watan Yuni, rana ba ta faɗuwa,
sai dai ta jingina da dutse ta huta.
Na ɗinka labule ninki uku
don in ƙera masa dare da hannuna.

Farfaɗiya ba ta sallama.
Gado ya yi ƙara, diddige ya bugi katako,
in juya shi gefe, in ƙirga daƙiƙu,
in rubuta a littafi mai shuɗin bango:
Talata, minti biyu, ya ciji harshe.

Sai Likita Rønning ta kawo wani ɗan abu,
bai kai rabin kwalin ashana ba,
da wayoyi sirara kamar gemun masara.
Ta manna shi bayan kunnen Eilif, ta ce:
"Wannan ba ya gyangyaɗi.
Zai saurari ƙwaƙwalwarsa a gida, a gadonsa,
ba a asibiti ba, inda barci ke jin kunyar baƙi."
Yaron ya dubi madubi, ya jawo gashi ya rufe,
kada 'yan ajinsu su gani.

Ban so abin ba.
Duk da haka kowace safiya nakan sa shi a caji
kusa da tukunyar kofi,
da dare kuma in koma kujerata.

A Satumba ta juyo mana allon kwamfuta.
Layuka, layuka,
kamar sawun tsuntsayen teku a jiƙaƙƙen yashi.
"Nan barci ya yi nisa," ta ce,
igiyoyin manya, masu tafiyar hawainiya,
irin waɗanda ke rako jirgin babansa gida.
"Nan kuma ya yi sama-sama.
A wannan gaɓar take yawan kama shi,
inda ruwan bai kai gwiwa ba,
musamman bayan daren da bai ƙoshi ba."

Littafina ya ce tara.
Abin ya ce ashirin da uku.
Goma sha huɗu sun shiga sun fita
ba su motsa ko zaren bargo ba,
ina zaune taku biyar daga gare su.

Ta sa bakin biro a wasu ƙananan tsagu:
ƙarfe ɗaya, biyu da rabi, huɗu saura.
"Akwai abin da ke taso shi a nan. Kusan kullum."
Ban ce komai ba.
Na san kukan ƙofar nan.
Na san tafin da ke sauka a goshinsa
don ya tabbatar yana nan.

Ta dube ni, ta rufe allon.
"Ba mu ce shi ne sanadi ba," in ji ta.
"Mutum talatin ne ke sanye da irinsa a yanzu,
har gobe koyo muke."
Eilif yana wasa da igiyar takalminsa.

Na zuba wa ƙofar mai.
Na mai da kujerar kicin, inda aka saye ta dominsa.
Oktoba ta dawo mana da duhu kyauta,
na sauke labulen, na ninke.

Daren farko na kwanta a gadona
kamar baƙuwa a masauki,
ido biyu, ina jin firji, ina jin iska a kan gada,
hannuna a ƙarƙashin cinyata
kada ya tashi ya tafi ba da izinina ba.

Da safe yana shafa man shanu a burodi,
bai ɗago ba ya ce, "Mama, kin yi barci?"
Na ce masa na yi.
Ni ai babu komai a bayan kunnena
da zai ƙaryata ni.