Ta Riga Ni Isa

Na sauke ta a filin jirgin Abuja da hantsi,
akwati ɗaya, kilo ashirin da uku.
Sai da aka cire ƙullin daddawa
da rabin kilishin da uwarta ta cusa
kafin ma'auni ya yarda.

Na ce, Luba, nawa ne nisan?
Ta ce, Baba, awa huɗu da ɗoriya zuwa Addis,
in ɗan zauna, sai awa goma da wani abu,
Gwanzu ke nan.
Na ce, ba awa na tambaya ba.
Ta duba waya: kilomita ya haura dubu sha ɗaya.
Na lissafa da hankalin direba:
Jos zuwa Abuja, je ka dawo, sau ashirin,
ban da faci, ban da layin mai.

Na tsaya har jirgin ya ɗaga.
Cikinsa fari, kamar na balbela.

Mararaba ta riƙe ni awa biyu.
Keffi na sha ruwa, Akwanga na sayi ayaba.
A gindin Hawan Kibo motar ta yi tari,
ta sake tari, ta ce ga garinku nan.
Ana kiran magariba waya ta haska:
Baba, mun sauka Habasha.
Ni ko Riyom ban hango ba.

Dung bakanike ya ce sai da safe,
famfon mai ne, sai an aika Bukuru.
Na kwana a kujera,
sanyin Filato na shigowa ta ƙasan ƙofa.
Duk tauraron da ya motsa sai in ce ita ce,
alhali na san tana can wani sama
bisa wani teku da ban san sunansa ba.
Yarinyar da ba ta tsallaka kwata
sai ta kama yatsana.

Ina shan shayi da safe ta kira:
Na iso. Nan har la'asar ta kusa.
To, yanzu kuma rana ma ba ɗaya muke da ita ba,
za ta riƙa gama yininta kafin in taɓa nawa.

Famfon ya zo a kan acaɓa.
Dung ya juya kwalin, ya yi dariya,
ya ce, duba rubutun,
daga ƙasar da 'yarka ta je yake.
Na riƙe shi a hannu fiye da yadda ya kamata.

Na shiga Gangare da azahar.
Uwarta ta karɓi daddawar, ba ta ce komai ba.
Daga zaure zuwa ƙofar ɗakin Luba
taku tara ne, ni na gina, na sani.
Yau kwana uku
ban kai ba tukuna.