'Yar Roba

A lakwal ɗin Garin Malam 'Yar Roba suke ce mini.
Da an fito hutu sai a kewaye ni:
Cima, yi mana irin na jiya.
In tanƙwara babban yatsa ya sumbaci tsintsiyar hannu,
in mai da gwiwar hannu baya, yara su sa ihu,
a ba ni dabino biyu, wata rana har dala.
Da gaɓoɓina na fara cin kasuwa.

Shekara ashirin ke nan.
Yanzu kitso nake yi a zauren gidanmu,
kai huɗu a wuni, jajibirin salla har tara.
Yatsun da suka sha tafi
su ke kuka da dare, ba mai ji sai matashin kai.
Wata Laraba na ɗaga bidon ruwa,
kafaɗa ta fita daga ɗakinta ba sallama,
ta koma da kanta, kamar ba ita ba.

Inna ta ce sanyi ne. Maƙwabciya ta ce jifa.
Aka kai ni wurin mai ɗori a Birni, bayan duwatsu,
dattijon kirki, karayar da ya haɗa ba ta ƙirguwa.
Ya ja, ya murɗa, ya tofa, ƙashi ya ce ƙas.
Allah ya saka masa da alheri,
sai dai ni ban karye ba.
Kwana uku ko zane ban iya ɗaurawa.

Sai Furera,
a ɗaki na ƙarshen baranda a babban asibiti,
kine ake ce wa aikinta.
Na kwanta, na cije leɓe, ina jiran ƙas.
Ba ta ja ba.
Yatsa biyu ta aza a gefen wuyana, ta yi shiru
kamar mai sauraron tukunya ko ta kusa tafasa.
Can ta ce, naman nan ya gaji, Cima.
Jijiyoyin da ke riƙe ƙyauren sun saki,
shi ya ɗauki gadi dare da rana, ba albashi.
Ba miƙewa kika rasa ba, yawa ta yi miki.
Igiyar da ta riga ta kai ruwa
wa ke ƙara mata tsawo?

Ta bi kafaɗata sannu sannu
yadda majemi ke lallaɓa fatar ɗan akuya
don kada ta yage.
Ban san lokacin da hawaye ya sauka a kunnena ba.
Ba zafi. Abin da ya sa ni kuka ke nan.

Da zan tafi ta miƙo mini wata jar roba.
Na yi dariya har ta tambayi dalili.
Ki ɗaura a ƙarfen taga, ki ja sau goma,
ki tsaya kafin ƙarshe.
Inda jikinki ya ce akwai saura, nan ce iyaka.
Ki huta tsakanin kai da kai,
mai shuku ta jira, amarya ma ta jira.

Ban warke ba, ba ta kuma ce zan warke ba.
Akwai ranakun da cokali ma nauyi gare shi.
Amma wata biyar ke nan
kafaɗa na kwana a gida.

Jiya da la'asar na leƙa ƙofa.
Barira ce, autata, yara sun kewaye ta,
babban yatsanta kwance a tsintsiyar hannu,
alewa biyu a ɗaya tafin.
Na buɗe baki zan yi tsawa, na fasa.
Na je na durƙusa, na kama ɗan yatsan
da yatsa biyu,
na mai da shi wurinsa sannu sannu.

Alewar kuwa na bar mata abinta.